Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Sirrin Wani Gidan Haya a Sabon Gari

Talabijin ta uku ce ta sa muka kira taro. Da ta farko ta ƙone, mai ita ya ce dama tsohuwa ce, kwananta ne ya ƙare. Ta biyu aka ce tsautsayi. Amma ranar da ta uku ta yi ƙara, hayaƙi ya turnuƙe ɗakin wani ango da ko wata biyu bai yi da tarewa ba, amarya ta fito tsakar gida babu ko takalmi tana salati, sai kowa ya san akwai magana. Kafin wannan dare an riga an yi asarar fanka biyu da rediyo ɗaya, cajar waya kuwa da ƙwan fitila ba a ma lissafa su.

Gidan namu yana wani layi ne a bayan France Road, ba nisa da kasuwar Sabon Gari. Bene ne mai hawa ɗaya, ɗakuna goma sha shida suna kallon juna, famfo ɗaya, tsakar gida ɗaya, ƙofar fita ɗaya. Irin gidajen nan ne da unguwar ta gada tun asalinta. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuma wajen 1913 Turawan mulki suka yanka filin Sabon Gari domin baƙin da suka biyo dogo daga Kudu, dab da Fagge, tsohon zangon fatake da ke wajen ganuwa. Tun daga nan unguwar ta zama ta masu haya: mutum ya zo neman abinci, ya kama ɗaki, ya ce shekara biyu zai yi, sai ga shi ya aurar da 'ya'yansa a wurin. A gidanmu akwai Hausawa da Ibo da Yarabawa da mutanen Binuwai. Wanda ya gina shi ya daɗe da rasuwa, magadansa suna wani gari, wakilinsu kan leƙo sau ɗaya a shekara ya karɓi kuɗin haya. Muna da 'yar ƙungiya ta mazauna gida mai tara kuɗin shara da na mai gadi, ni ne kuma mai riƙe da littafinta.

Daminar 2022 ce, Agusta ya raba tsakiya.

Zargin farko bai wahalar da kowa ba. Duk wanda ya buɗe baki sai ya ce masu kawo wuta ne suka turo ta da ƙarfi. Ni ma haka na ɗauka, har na fara rubuta takardar koke. Kafin in gama, Baba mai gadi, wanda ya fi shekara ashirin a ƙofar gidan, ya kira ni gefe.

"Malam, kafin ka kai ƙara, ka leƙa maƙwabta. Taransifomarmu ɗaya, falwayarmu ɗaya. In daga can ne, ai ba mu kaɗai za ta ci ba."

Washegari na bi gidaje huɗu, biyu dama, biyu hagu. Na tambayi mai shayi, na tambayi mai aski, na tambayi mai kemis da firjinsa ba ya hutawa. Ko ƙwai ɗaya bai mutu wa kowa ba. Wayarsu da tamu daga falwaya guda suka sauko. Na ninke takardar koken na ajiye. Ko mene ne ke cin kayanmu, a cikin gida yake kwana.

Da wannan ya tabbata, sai idanu suka koma kan mutum ɗaya. A ɗakin ƙarshe na ƙasa akwai wata mata da muke kira Maman 'yan biyu, haifaffiyar Sabon Gari, Hausa a bakinta kamar ta 'yar Fagge. Ƙanƙara take sayarwa, da zoɓo da kunun aya, firiza biyu gare ta masu aiki duk sa'ad da aka kawo wuta. Mutane suka lura da abu biyu. Na ɗaya, duk lokacin da firizarta ta tashi da gurnani, fitilun gidan sai sun girgiza. Na biyu, wanda ya fi tunzura jama'a, ita ko allura ba ta taɓa ƙone mata ba. A taro ango ya miƙe, murya na rawa, ya ce wadda ke shanye wutar gida ita ce ke zaune lafiya, su masu talabijin ɗaya da caja su ne ke biya.

Ta saurara har ya gama, sannan ta ce, "Ƙanena, ban ji haushinka ba, asara ba ta da daɗi. Zan kashe su mako guda. In abin ya tsaya, ni zan biya ka talabijinka."

Ta cika alkawari. Ta kwashe kayanta ta kai ajiya gidan 'yar'uwarta, ta bar firizojin a buɗe kowa na gani. Kwana uku shiru, har wasu sun fara cewa ai ga shi nan. A dare na huɗu, bayan sallar isha'i, telan da ke bene ya jona dutsen guga zai goge ɗinkin biki. Ba a yi minti biyu ba sai muka ji ihu daga ƙasa. Fankar Maman 'yan biyu ce ta kama gudu kamar za ta tsinke daga silin, ƙwan ɗakinta ya yi wani irin fari, ya fashe.

Wannan dare babu wanda ya yi barci da wuri. Matar da ake zargi, muddin injinanta na aiki lafiya take, ranar da ta kashe su kuma ta shiga sahun masu asara. Wata tsohuwa ta fara zancen ko an yi wa gidan sammu. Wani ya ce dama yana jin wari a zaure da daddare, kamar na ƙonanniyar roba, ya ɗauka yara ne ke ƙona shara a waje. Baba mai gadi ya ce shi ma yana ji, kuma ba daga waje yake zuwa ba. Ya ƙara da cewa, "A yi addu'a, addu'a ba ta ɓaci. Amma ruwa ba ya tsami banza."

Na ɗauko littafin ƙungiya na buɗe shafi sabo. Na jera ɗakuna goma sha shida, a gaban kowanne na rubuta abin da ya ƙone, da ranar, da lokacin, da kuma kayan wutar da ke ɗakin. Da na gama sai abu uku suka fito fili. Kusan duk ɓarnar tsakanin magariba da sha ɗayan dare ta faru, lokacin da kowa ya dawo gida ya kunna abin da yake da shi. Ɗakunan da suka fi asara su ne masu ƙaramin kaya. Masu hita da dutsen guga da firji kuwa, kokensu ɗaya ne: wuta ba ta da ƙarfi, ruwa ba ya tafasa, fitila ja kamar ta aci-balbal. Gida ɗaya, dare ɗaya, wasu na kukan wuta ta yi yawa, wasu na kukan ta yi kaɗan.

Daren da ya biyo na zauna a tsakar gida inda nake hango ƙofofin sama da na ƙasa. Na roƙi tela ya jona dutsen gugarsa na ɗan lokaci, bayan kowa ya cire talabijin da caja. Yana jonawa, fitilar ƙofarsa ta dushe. A daidai wannan ƙiftawar ido, fitilar ƙofar ango ta ƙara haske har tana kashe ido. Ya cire, duka biyun suka koma daidai. Sau uku muka maimaita, sau uku abin ya faru.

Da wannan bayani na tafi Fagge wurin wani dattijo mai gyaran wuta, wanda ya yi shekaru yana aikin waya a shagunan Kantin Kwari. Ban kai ƙarshen labarin ba ya ɗaga hannu.

"Wani ɗaki ya dushe, wani ya haska, lokaci guda?"

"Haka ne, Baba."

"Tashi mu je. Kafin mu isa, buga waya a kashe babban makunnin gidan. Kada a bari ya kwana a kunne."

Da muka iso ya sa aka kunna na ɗan lokaci, ya zura na'urar awonsa a soket ɗin tela, ta nuna ƙasa da bolt 170. Ya sauko ɗakin ango, ta haura 300. Ya sa aka sake kashewa, ya tara mu a zaure, ya ɗauki gawayi ya ja layi huɗu a ƙasa.

Ga abin da ya koya mana. Wayoyi huɗu ne ke shigowa gida irin namu daga falwaya. Uku suna ɗauke da wuta, su ne layukan da ake raba wa ɗakuna. Ta huɗu, wadda masu aikin ke kira nutural, ita ce hanyar da wuta ke bi ta koma. Tsakanin kowane layi da nutural akwai bolt 230 zuwa 240, wanda shi kayan gida aka ƙera su ɗauka. Tsakanin layi da layi kuwa akwai wajen 400. Muddin nutural tana da lafiya, kowane ɗaki rabonsa yake samu, ba ruwansa da abin da maƙwabci ya kunna. Idan ta tsinke ko ta yi sako-sako, wutar da ta shiga ɗakin tela ba ta da hanyar komawa sai ta ɗakin ango. Daga nan ɗakunan biyu sai su raba 400 ɗin nan tsakaninsu, kuma ba raba daidai ba.

"Kamar sikelin kasuwa ne," in ji shi. "Ɓangaren da aka ɗora wa nauyi ya yi ƙasa, marar nauyi ya yi sama. Mai dutsen guga wutarsa ta faɗi, mai caja tasa ta tashi. Wannan baiwar Allah, firizojinta ne suka riƙa danne layinta. Ranar da ta kashe su, layin ya zama marar nauyi, sai ya tashi da ita."

Babu wanda ya iya kallon Maman 'yan biyu.

Dattijon ya cire fiyus-fiyus, ya kwance murfin allon da wayoyi ke haɗuwa, can sama a bangon zaure. Warin da ake ji da daddare ya bugo mu. Inda nutural ta waje ta haɗu da ta cikin gida, wani gari fari da kore ya lulluɓe mahaɗar, robar da ke kewaye ta narke ta yi baƙi, katakon da aka kafa allon a kai ya fara zama gawayi. Ya taɓa wayar da sukudireba, ta motsa kamar haƙorin da ya kusa fita. Ya ce wayar da ke zuwa daga falwaya ta alminiyam ce, ta cikin gida ta jan ƙarfe, kuma waɗannan biyun in suka haɗu a wuri mai laima, alminiyam ɗin ne ke cinyewa. Mahaɗa in ta ci, sai ta riƙa zafi duk sa'ad da kaya suka yi yawa, shi ya sa abin ya fi tsananta da daddare. Ya nuna katakon ya ce, "Wannan saura ƙiris ya kama. Kuma ku duba inda yake: a zaure, a kan hanyarku ɗaya tilo ta fita."

Aka sanar da masu wuta suka cire layin daga falwaya, ya yanke ruɓaɓɓen wurin, ya sa mahaɗar da aka yi domin haɗa waɗannan ƙarafa biyu, ya canza allon. Da aka dawo da wuta, kowane soket ya nuna abin da ya kamata. Mutane suka fara hamdala suna watsewa. Shi kuwa bai rufe jakarsa ba. Yana tsaye yana kallon bango.

"Na gyara abin da ya lalace," ya ce da ni, "amma ban ga wanda ya lalata shi ba. Allon nan a cikin zaure yake, ƙarƙashin rufin kankare. Ruwan sama ba ya dukansa. To wa ya jiƙa shi? In ba ku gano ba, baɗi war haka za ku sake nemana."

Sai a lokacin na kalli bangon da nake wucewa kullum. Fenti ya kumbura ya ɓare, wani farin gishiri kamar kanwa ya fito a jikin filasta. Mun saba ganin haka a gindin bangaye, inda laimar ƙasa ke hawowa, shi ya sa ba wanda ya damu. Amma birkilan da muka kira da safe ya sa tafin hannu a ƙasan bangon ya ce a bushe yake. Ya hau kujera ya taɓa sama, hannunsa ya dawo da sanyi. Tabon faɗinsa a sama yake, yana tsukewa yana gangarowa, kuma ya bi daidai bututun da wayar wuta ta shigo ta cikinsa. Ruwan daga sama yake saukowa.

Rufin zauren shimfiɗaɗɗen kankare ne mai ɗan gajeren bango kewaye da shi, kuma ba mai hawa sai mai ɗaura eriya. Muka jingina tsani. Ni na fara leƙawa, abin da na gani kuwa tafki ne. Ruwa ya kwanta har idon sawu, gansakuka ta yi kore shar, sauro ya yi gida, ga ledoji da ganye sun ruɓe a ciki. Bakin bututun waya yana nutse a wata kusurwa. Birkila ya bi gefen bango yana lalube da hannu har ya tsaya a inda ya kamata a ce indararo yake. Babu rami. An cusa ɓaraguzan bulo, an shafe da siminti sumul.

Toshewar ba ta shara ba ce, hannun mutum ne. Muka leƙa ta bayan bangon, amsar tana ƙasa tana kallonmu: rufin kwano na shagon da aka manna a gaban gidan rani biyu da suka wuce, da izinin wakili, a kan ɗan filin da ruwan indararon ke zuba a da ya gangara kwata.

Mai shagon bai yi musu ba. Ya ce, "Wallahi Malam, ruwan farko da aka yi bayan na buɗe, a kan kwanona ya riƙa zuba, ya shiga ya jiƙa mini katan-katan. Na kira yaro ya toshe. Na ɗauka zai nemi wata hanya ya fita." Ruwan kuwa ya nemi wata hanyar. Ya bi bututu, ya sauka cikin bango, ya ɗiga a kan waya ɗaya damina biyu, har ya ƙone talabijin ɗin mutumin da ɗakinsa ke can ƙarshen gida.

Ba mu ji wannan a matsayin baƙon labari ba, domin a makonnin nan ne ruwa ya shiga Kantin Kwari ya jiƙa dilolin atamfa da shadda, 'yan kasuwa suna nuna gine-ginen da aka ɗora a kan hanyoyin ruwa. Abin da ya faru a babbar kasuwa shi ne ya faru a rufin zaurenmu, sai dai namu a ɓoye. Birkila ya ƙara mana da wani abin. Ya ƙwanƙwasa silin ɗin zauren da guduma, wani ɓangare ya yi amon ganga, ɓawon kankare ya faɗo, rodi ya bayyana ja wur da tsatsa. Ya ce rodi in ya yi tsatsa kumbura yake yi, ya tsaga kankaren da ke riƙe da shi daga ciki. Kwanaki kaɗan kafin nan, ranar 30 ga Agusta, wani bene da ake ginawa ya rufta a kasuwar waya ta Beirut Road. Ba wanda ya buƙaci a yi masa dogon bayani.

Mai unguwa ya zaunar da mu da wakili da mai shago. Aka fasa simintin, aka sa bututu mai faɗi ya ɗauki ruwan daga indararo ya bi gefen shago har kwata. Aka ɗaga bakin bututun waya aka lanƙwasa shi ƙasa yadda ruwa ba zai shiga ba. Aka kankare tsatsar rodi aka sake shafe silin. Mai shago ya ɗauki kuɗin aikin ruwa, wakili ya yarda a cire na rufi daga haya. Ango kuwa, a gaban kowa, ya durƙusa ya ce, "Mama, ki yafe mini, na zalunce ki." Ta ce ta yafe, sannan ta faɗi maganar da ta fi komai zama a raina: "Ni abin da ya ba ni tsoro ba zargin ba ne. Shekara goma sha ɗaya ina wucewa ƙarƙashin allon nan da 'ya'yana, ban taɓa tambayar wa ke duba shi ba."

Babu mai duba shi. Kowa a gidan ya san ɗakinsa, ya san kwanan da hayarsa za ta ƙare, ya sa wa ƙofarsa kwaɗo biyu. Amma nutural, da indararo, da zaure, da matakala, da kwata, waɗanda rayuwar mutum sama da hamsin ta rataya a kansu, ba su da mai su. Magada na ganin na masu haya ne tunda su ke ciki, masu haya na ganin na magada ne tunda su ke karɓar kuɗi. Iyayenmu masu gidajen ƙasa a Fagge da cikin birni ba su san wannan gardama ba. Kafin ruwan farko maigida zai hau soro, a yi yaɓe, a share indararo, domin ya san in ya yi sakaci azara za ta sauko masa a ka. Kankare ya sa mun manta da hawa sama.

A makon da ya biyo muka zaga gidan gaba ɗaya da idon da muka samu. Ƙarƙashin matakala, hanyar da duk mutanen bene za su bi in wani abu ya faru, mun tarar da jarkoki uku na fetur kusa da janareta. Mun tarar da tukunyar gas mai tsagaggen tiyo a ɗakin da ake kwana. Duk tagogi da ƙarafa a kafe, ƙofar gida kuma ana kulle ta da sha biyun dare, makulli ɗaya, a aljihun Baba. Mu da muka ga hayaƙin gobarar kasuwar Sabon Gari a watan Maris na 2016, wadda ta cinye shaguna sama da 3,000, muka kuma ji ƙarar fashewar Aba Road ranar 17 ga Mayun 2022, wadda ta ci rayuka tara kusa da wata makarantar yara, ba mu da uzurin cewa ba mu san abin da ke iya faruwa ba.

Yanzu littafin ƙungiya yana da shafin da ba shi da shi a da. Kowane ɗaki yana zuba ɗan abu a wata cikin asusun gyara. A watan Afrilu, kafin ruwa ya sauka, mutum biyu suna hawa rufi su share indararo, a yashe kwata. A watan Nuwamba, kafin hunturu ya sa kowa ya jona hita, mai gyaran wuta yana buɗe allo ya ɗaɗɗaure wayoyi. Fetur ya koma wani ɗan keji a bayan gida. Makullan ƙofa uku ne, ɗaya yana rataye a inda kowane babba ya sani. Akwai bokitin yashi da tukunyar kashe gobara a zaure, lambar 'yan kwana-kwana a rubuce a bango, kuma yara sun haddace cewa ba a watsa ruwa a wutar lantarki. Ba mai ƙara gini, ko toshe rami, ko jan waya, sai an zauna. A ƙasan shafin akwai layin da dattijon Fagge ya sa na rubuta da jan biro: in ka ga fitilarka ta haska ta maƙwabcinka ta dushe, kada ka nemi mai laifi, ka nemi babban makunni.

Ruwan farko na shekarar da ta biyo da asuba ya sauko. Na fito zan tafi masallaci sai na tarar da Baba mai gadi da Maman 'yan biyu a bakin ƙofa, ita da lema, shi da tocila, suna haska bakin bututun nan. Ruwa na fita da ƙarfinsa yana faɗawa kwata. Baba ya juya ya shiga zaure, ya miƙa hannu sama ya shafa bangon da ke ƙarƙashin allon, ya duba tafinsa a hasken tocila.

"A bushe yake, Malam," ya ce. "Je ka, kada ka rasa jam'i."